Kafin a Ba da Kod: Wa Ke Biyan Kuɗin Sa wa Kamfanonin Inshorar Lafiya Ido?



Duk wanda ya zauna ya karanta rasidin kuɗin makaranta layi-layi, a manyan makarantun ƙasar nan da yawa zai tarar da wani kuɗi da aka rubuta na lafiya ko na inshora. Yawancinmu biya kawai muke yi mu wuce, tunda ba a kammala rajista sai da shi. Ranar da mutum ke tunawa da wannan kuɗin ita ce ranar da asibitin makaranta ya ce ciwon ya fi ƙarfinsa, a tafi babban asibiti, can kuma a ce ya sami benci ya zauna, ana jiran kod.

Wannan kod ɗin, wato lambar izinin da kamfanin inshora ke bayarwa kafin a yi wa mara lafiya wani aiki, a kansa nake so mu tattauna. Ƙorafin jira kam kowa ya iya shi. Ni tambayata daban ce: idan gwamnati ta tashi gyara lamarin, ta kafa doka, ta ƙayyade lokaci, ta ce likita ne kaɗai ke da ikon hana mutum magani, nawa gyaran zai ci? Daga aljihun wa kuɗin zai fito?

Zan yawaita misali da Amurka, domin can ne aka fi daɗewa ana wannan taƙaddama, kuma suna rubuta alƙalumansu su ajiye. Daga nan sai mu dawo gida.

Me ya kawo neman izini tun farko?

A harkar inshorar lafiya ɓangare uku ne ke zaune: mara lafiya, likitan da ke duba shi, da kamfanin da ke riƙe da kuɗi. Mara lafiya ya riga ya biya tun yana ƙalau. Likita shi ke cewa a ɗauki hoto, a yi gwaji, a yi tiyata. Kamfani kuma shi zai zaro kuɗin. To da yake mai rubuta aiki daban, mai biya daban, sai mai biya ya ce akwai ayyukan da ba za a taɓa ba sai an tambaye shi tukuna. Yawanci masu tsada ne: hoton MRI, tiyatar da ba ta gaggawa ba, magungunan da kuɗinsu ke da nauyi, kwanciya mai tsawo a asibiti.

A gaskiya kamfanin yana da hujjarsa. Idan ana biyan asibiti gwargwadon yawan aikin da ya yi, dole wani wuri a sami mai kwaɗayin ƙara aikin da ba a buƙata. Akwai kuma masu rubuta aikin da ba su yi ba su nemi a biya su. Kuɗin inshora kuwa tukunya ɗaya ce kowa ya zuba. In wasu suka kwashe fiye da ƙima, na baya ba za su tarar da komai ba, ko kuma a ƙara wa kowa kuɗin zubi baɗi. Aikin da ba a buƙata ma yana iya cutar da mutum, ba kuɗi kaɗai yake ci ba.

Amma fa ku lura da ɗaya gefen. Duk abin da kamfani ya hana, a hannunsa kuɗin ke zama. Shi ne alƙali, shi ne kuma mai cin ribar hukuncin. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Shi ya sa ake buƙatar wani ya tsaya a kan kamfanin, kuma wannan wani ɗin ba kowa ba ne illa gwamnati. Daga nan lissafin kuɗin jama'a ke farawa.

Abin da alƙaluman Amurka suka nuna

Medicare shiri ne na gwamnatin Amurka da aka kafa a 1965, yana biya wa tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama kuɗin asibiti, da wasu masu naƙasa. A cikinsa akwai wani reshe da ake kira Medicare Advantage, inda gwamnati ke ba kamfani mai zaman kansa ƙayyadadden kuɗi kan kowane mutum duk wata, shi kuma kamfanin ya ɗauki nauyin lafiyarsa. Yanzu fiye da rabin waɗanda suka cancanci shiga wannan reshen suna cikinsa. Kun ga kuɗin na haraji ne, amma mai cewa a yi ko kada a yi kamfani ne.

Wata cibiyar binciken harkar lafiya mai suna KFF ta tattara alƙaluman shekarar 2023. An nemi izini kusan sau miliyan 50. An ƙi wajen miliyan 3.2, ko dai gaba ɗaya ko wani ɓangare, wato kashi 6.4 cikin 100. Cikin waɗanda aka hana, kusan kashi 12 ne kawai suka ɗaukaka ƙara. Cikin waɗanda suka ɗaukaka kuma, fiye da kashi 80 an janye hanin, ko duka ko wani sashe.

Kafin nan, a watan Afrilun 2022, ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya ta ƙasar ya fitar da rahoto. Ya gano cewa kashi 13 cikin 100 na buƙatun da kamfanonin suka ƙi sun cika ƙa'idar Medicare. Ma'ana, da mutumin yana ƙarƙashin gwamnati kai tsaye, da alama an yi masa aikin.

Abu biyu nake so mu ɗauka daga nan. Na farko, fiye da kashi 90 na buƙatun ana amincewa da su, ke nan yawancin wahalar takardun a kan abin da dama za a ce to ake sha. Na biyu, cikin waɗanda aka hana akwai masu gaskiya da yawa, kuma mafi yawansu ba sa komawa, haƙura suke yi. Waɗannan biyun su suka sa ake ta kafa dokoki. Kowace doka kuma, a fahimtata, aljihu uku take taɓawa.

Aljihu na farko: hukumar da za ta sa ido

Doka a takarda ba ta kama kowa. Idan majalisa ta ce kamfani ya ba da amsa cikin awa kaza, sai an sami wanda zai duba agogo. Sai an ɗauki ma'aikatan karɓar koke, da masu binciken littattafan kamfani, da likitoci da nas-nas da za su sake karanta fayil su ce hanin nan daidai ne ko ba daidai ba. Sai an sayi kwamfutoci da manhajar tattara bayanai, sai an ajiye lauyoyi, don kamfanin da aka ci tara ba zai yi shiru ba, kotu zai nufa.

A majalisun jihohin Amurka al'ada ce a haɗa wa ƙudurin doka takardar ƙiyasin kuɗi, wadda ke faɗin ma'aikata nawa za a ƙara da abin da baitulmali zai kashe. Kuɗin kuma ɗayan biyu ne: ko daga haraji, ko daga wani kaso da ake ɗora wa kamfanonin. In daga kamfanonin ne ma, kada ku yi murna, a kuɗin zubi za su fanshe. Ko ta ina aka bi, kan jama'a yake dawowa.

Abin lura shi ne wannan aljihun shi ne mafi ƙanƙanta cikin ukun, amma shi aka fi yi wa rowa. Rahoton babban sufeton da na ambata, ba miliyoyin fayil aka karanta ba. An zaɓi samfurin hani 250 na neman izini, daga manyan kamfanoni 15, na mako ɗaya a watan Yunin 2019, aka ba masana da likitoci suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ɗan aikin shi ya fito da kashi 13 ɗin nan da har majalisa ta riƙa kafa hujja da shi. Masu karanta kididdiga a cikinmu sun san zancen: ba sai ka shanye miya za ka san ta ji gishiri ba. Sa ido mai kyau ba lallai ya yi tsada ba, amma sai an ware masa kuɗinsa.

Aljihu na biyu: lokacin likita

Nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankalina, domin likita yana ɓangarori biyu na teburin.

A ɓangaren asibiti, ƙungiyar likitocin Amurka tana yin bincike duk shekara a tsakanin mambobinta. A na ƙarshen 2024, likitoci sun ce a matsakaici kowannensu na cika buƙatun izini 39 a mako, kuma shi da ma'aikatansa suna ɓata wajen awa 13 a kai. Ƙungiyar tana da nata ra'ayi a rigimar, wannan gaskiya ne. Amma ko rabin haka ne, awannin nan albashi ake biya a kansu, kuma asibiti a kuɗin magani yake sakawa.

A ɓangaren kamfani kuma, tambayar ita ce wa ya sa hannu a kan hanin? Jihar Kalifoniya ta yi doka, ta fara aiki a watan Janairun 2025, wadda ta ce ba a yarda manhaja ko ƙirƙirarriyar basira ta yanke hukuncin cewa mara lafiya ba ya buƙatar magani ba. Sai likita mai lasisi ko ƙwararren ma'aikacin lafiya da ya san fannin. Hikimar a fili take. Likita yana da lasisin da za a iya ƙwacewa, yana da sunan da zai ɓaci. Manhaja kuwa wa za ka kai ƙara?

Sai dai sa hannu daban, dubawa daban. A 2023 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta ba da rahoto cewa likitocin kamfanin Cigna sun ƙi biyan buƙatu sama da 300,000 cikin wata biyu a 2022, kuma a matsakaici sakan 1.2 suka yi a kan kowace. Kamfanin ya musanta yadda aka fassara lamarin, ya ce tsarin na tantance kuɗin ƙananan ayyuka ne bayan an riga an yi su, ba na hana magani ba. Ko ma dai yaya ne, adadin ya ba mu abin yin lissafi.

Ku ɗauko kalkuleta. Buƙatu 300,000 a sakan 1.2 kowace, awa 100 ke nan cif. In da a ce kowace sai likita ya buɗe fayil ya yi minti 15 yana karantawa, awa 75,000 za a ci. Ninki 750. Wannan tazarar ita ce farashin dubawa ta gaskiya, kuma ita kamfani ke gudu.

To amma mu ƙara wani lissafin, shi ma nawa ne na misali. Hani miliyan 3.2 ɗin nan na 2023, a ba kowane minti 15, awa 800,000 ke nan. Likitan da ke aikin awa 2,000 a shekara, guda 400 irinsa sun isa su gama. A ƙasar da ta kashe dala tiriliyan 4.9 kan lafiya a shekarar 2023, albashin likita 400 ai ba abin da za a ɗaga murya a kai ba ne. Ashe ke nan abin da ya sa ake jan ƙafa ba albashin mai dubawa ba ne. Abin da zai biyo bayan dubawar ne, kuma shi ne aljihu na uku.

Kafin mu je can, ga wata dabara da jihar Teksas ta gwada a 2021, wadda ake yi wa laƙabi da katin zinare. Kamar yadda aka fara zartar da dokar, likitan da aka amince da kashi 90 na buƙatunsa kan wani aiki cikin wata shida, an ɗauke masa neman izini a kan wannan aikin. Tunani ne mai kyau: wanda ya saba faɗin gaskiya a daina sa shi rantsuwa. Amma shi ma ba kyauta ba ne, don sai an riƙa bin alƙaluman kowane likita, aiki-aiki, kamfani-kamfani, kuma a shekarun farko likitoci kaɗan ne ƙwarai suka sami katin.

Aljihu na uku: maganin da yanzu dole a biya

Idan doka ta yi aiki, mutanen da a da ake hanawa ko suke gajiya su tafi, yanzu za a yi musu aikin. Abin da ake nema ke nan. Amma aikin kuɗi ne, kuma a shirin da gwamnati ke ɗaukar nauyi, baitulmali ne zai ji a jikinsa.

Ga misali da ya faru. A watan Satumban 2022 majalisar wakilan Amurka ta amince da wani ƙuduri na sauƙaƙa wa tsofaffin da ke Medicare Advantage neman izini: a koma yi ta intanet, a hanzarta amsa, a riƙa bayyana alƙaluma. Jam'iyyun biyu duk sun goyi baya, abin da ba kasafai ake gani a can ba. Sai ofishin ƙiyasin kasafi na majalisar ya ce ƙudurin zai ci wa gwamnati kusan dala biliyan 16 cikin shekara 10. Dalilinsa shi ne in aka sassauta, za a ƙara yawan ayyukan da ake yi, kamfanoni kuma za su nemi gwamnati ta ƙara musu kuɗi. Wannan adadin yana cikin manyan abubuwan da suka sa ƙudurin ya maƙale, bai wuce majalisar dattawa ba a wannan zangon.

A watan Janairun 2024 sai hukumar da ke kula da Medicare ta fitar da nata ƙa'idoji. Daga 2026, a shirye-shirye irin su Medicare Advantage da Medicaid, wanda shi na masu ƙaramin ƙarfi ne, dole a ba da amsa cikin awa 72 in buƙatar ta gaggawa ce, cikin kwana 7 in ba ta gaggawa ba ce, kuma a faɗi takamaiman dalilin hani. Ban da magunguna a wannan ƙa'idar. Hukumar ta ƙiyasta cewa tsarin zai rage asarar kusan dala biliyan 15 cikin shekara 10.

To jama'a, ga matsala ɗaya, ga gyara iri ɗaya kusan, wani ofishi ya ce za a kashe biliyan 16, wani ya ce za a tsira da biliyan 15. Wa ya yi ƙarya? Babu. Kowa aljihun da ya leƙa daban. Na farko baitulmali ya duba, ya ga ƙarin magani da za a biya. Na biyu lokacin likitoci da asibitoci ya duba, ya ga awannin da za su huta da cike takardu. Duk lokacin da kuka ji an ce doka kaza za ta ci kuɗi kaza, abin tambaya na farko shi ne: kuɗin wa aka ƙirga, na wa aka bari?

Kuɗin da ba ya shiga kowane littafi

Akwai wanda duk ofisoshin nan ba sa ƙirgawa sosai, shi ne na mara lafiya. Wanda ya yi kwana uku yana zirga-zirga, kuɗin mota ne. Wanda ya gaji ya sayar da wayarsa ya biya da kansa, alhali ya riga ya biya inshora, sau biyu ke nan ya biya. Wanda ciwonsa ƙarami ne ranar Litinin, jira ya mai da shi na tiyata ranar Juma'a, shi da tukunyar duk sun yi asara. Ɗalibin da ya rasa jarrabawa yana jiran amsa, sai ya sake ɗaukar kwas.

Wannan asarar ba ta fitowa a kasafin kuɗi, ba wanda zai tsaya a majalisa ya karanta ta. Shi ya sa rashin doka kan yi kama da araha. Kuɗin dai ana biyansa, sai dai a ɓoye, kuma mafi rauni ne ke biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu dawo gida

A Najeriya an ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa a 2005. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowa. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Shirin da aka tanadar wa ɗaliban manyan makarantu shi ne TISHIP.

Yadda tsarin ke tafiya, asibitin farko, wanda a wurinmu galibi na makaranta ne, ana ba shi ƙayyadadden kuɗi kan kowane kai, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Da shi zai yi maganin zazzaɓi da ƙananan ciwuka. In abu ya wuce nan, sai a tura mutum gaba, kuma can gwargwadon aiki ake biya. Kamfanonin da ake kira HMO su ke tsakiya, su ke ba da kod. Kun ga dalilin da ya sa ƙofar nan ta biyu ce ke da mai gadi: daga ita kuɗi ke fita da yawa.

A 2025 NHIA ta ba da umarnin cewa daga farkon watan Afrilu, HMO ya ba da amsa cikin awa ɗaya da samun buƙata. In zai hana, ya faɗi dalili. In ya yi shiru, asibiti ya ci gaba da aiki ya sanar da hukuma. Lamarin gaggawa kuwa ba a jiran kod kafin a fara, daga baya a nema cikin awa 48. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. A takarda kam, awa ɗayanmu ta fi awa 72 ta Amurka nesa ba kusa ba.

Yanzu mu auna umarnin da aljihu ukun nan. Awa ɗaya tana nufin tebur da ba ya rufewa dare da rana a kowane HMO, da wuta, da intanet, da ma'aikatan da za su yi karɓa-karɓa. Daga kason gudanarwa na kuɗin da muka zuba za a biya su. Tana nufin ofisoshin hukuma a jihohi su sami mutanen da za su amsa waya, su bi koke, su hukunta. In ba a ware musu kuɗi ba, umarnin zai tsaya a sanarwa. Tana kuma nufin ƙarin ayyukan da za a biya. A daidai lokacin ne hukumar ta sanar da ƙarin kashi 93 cikin 100 a kuɗin da ake ba asibitoci kan kowane kai, da kashi 378 a kuɗin aiki, saboda tsohon farashin ya daɗe da zama abin da asibitoci ke kuka da shi. Gaggauta izini ba shi da amfani in asibitin da aka tura ka ba ya son ganin katinka.

Batun likita kuwa, a nan muka bambanta da Amurka ƙwarai. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci masu lasisi a ƙasar nan wajen 55,000 ne, kuma kimanin 16,000 sun fice cikin 'yan shekarun nan. Mu kuma mun haura mutum miliyan 200. Likita 400 a can ba komai ba ne. A nan duk likitan da aka zaunar a ofis yana karanta fayil, akwai layin marasa lafiya da ya rasa shi. Saboda haka kwafo dokar Kalifoniya dungurungum ba zai yi mana ba. A ganina abin da ya dace da ƙarfinmu shi ne: amincewa kowane horarren ma'aikaci ya iya bayarwa, hani ne kaɗai sai likita ya sa hannu da sunansa da lambar lasisinsa. A rage jerin ayyukan da ke buƙatar kod, tunda wanda kullum ake amincewa da shi tambaya a kansa ɓata lokaci ne. Sannan hukuma ta riƙa ɗibar samfurin hani lokaci-lokaci tana bincika, ta buga sakamakon kowa ya gani.

Kada mu manta, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Duk wanda kod ya wahalar, labari zai kai gida cewa inshora yaudara ce. In mutane suka ƙi shiga, tukunya ta ƙanƙance, kowa ya cutu. Kuɗin sa ido, a wurina, kuɗin sayen amana ne.

Abin da ya rage gare mu

Mu ɗalibai ba mu da hannu a kasafin ƙasa, amma muna da hannu a namu. Kuɗin inshorar da dubban ɗalibai ke biya duk shekara ba ƙaramin kuɗi ba ne in aka tara. Ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, musamman daraktan walwala, su nemi a riƙa ba su amsar tambayoyi huɗu duk zango: ɗalibai nawa aka tura gaba, nawa aka ba kod, awa nawa aka ɗauka a matsakaici, nawa aka hana kuma bisa wane dalili. Ba sai an kira sunan kowa ba, adadi kawai. A liƙa shi a allon sanarwa kusa da lambar wayar da ake kai koke.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, ku san sunan kamfanin da ke riƙe da kuɗinku tun kuna lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. In an nema muku kod, ku rubuta lokacin da aka nema. In an hana, ku nemi dalili a rubuce, ku kai wa ƙungiya, ku kai wa hukuma. Ku tuna da alƙaluman nan na Amurka: cikin goma da suka koma suka yi magana, takwas sun sami biyan buƙata.

Kuma in wata rana aka zo mana da maganar ƙarin kuɗin inshora, kada mu tsaya a kan ihun ba mu yarda ba kawai. Mu tambaya: wane aljihu za a cika da ƙarin? Na magani ne, na masu sa ido ne, ko na ribar kamfani? Wanda ya iya wannan tambayar, da wuya a yi masa wayo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.